Ba A Koyad Da Girki Da Alli

Jama'a, duk wanda ya tsaya a bakin Ƙofar Na'isa da sassafe, kamar ƙarfe bakwai da rabi, zai ga ayari biyu na yara suna giftawa. Ayari na fari su ne 'yan makaranta, kowa da jakarsa, wasu sun karya kumallo, wasu kuwa sun fito da bakinsu haka nan. Ayari na biyu su ne 'yan talla, mai ƙosai, mai awara, mai ɗan wake, mai kunu. In ka lura sai ka ga ayarin nan biyu gidajensu ɗaya, wani lokaci ma uwarsu ɗaya. Ɗaya na tafiya neman ilmi, ɗaya na ɗauke da abinci, kuma tun da aka kafa makarantun zamani a ƙasar nan ba mu taɓa samun dabarar haɗa abubuwan nan biyu wuri guda yadda ya kamata ba.

Abin da na ke so in jawo hankalin malamai da ma'aikatan hukuma gare shi yau shi ne batun koyad da girki da sanin abinci a makarantunmu, musamman batun horad da malaman da za su yi wannan aiki. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano cikin watan Yuni na 2024, maganar da ta fi yawa a bakin mutane ita ce ta gyaran azuzuwa da sayen benci da ɗaukar sababbin malamai. Duk waɗannan wajibi ne, ba mai musu. Amma fa Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA ZAMA TA GAGGAWA

A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta yi babban bincike a kan lafiyar jama'a, aka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko'ina cikin Nijeriya. Aka samu kashi 37 cikin 100 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki. A yankinmu na Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57 cikin 100, Kano kuwa ba ta fita daga cikin wannan lissafi ba, fiye da rabin yaranta abin ya shafa. Likitoci sun tabbatad da cewa tsumburewa ba ta tsaya ga tsawo kaɗai ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma yawancin ɓarnar tana aukuwa ne tun daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Ashe ke nan yaron da malamin aji ɗaya ya ke fama da shi, yana cewa ba ya ganewa, watakila an riga an yanke masa hukunci tun yana goye.

Wani zai ce ai wannan talauci ne ya kawo shi, makaranta ba ta da maganin talauci. Gaskiya ne talauci shi ne uban tafiyar, kuma tsadar hatsi ta 'yan shekarun nan ta ƙara dagula al'amari. Amma duk wanda ya shiga gidaje ya san akwai wani kashi na ciwon da rashin sani ne ya ke kawo shi. Akwai gidan da a ke sayad da wake da gyaɗa da ƙwai, a yaye yaro da farin koko zalla. Akwai gidan da zogale ya ke tsaye a tsakar gida, yaran na fama da dundumi. Wannan kashin kam makaranta tana da abin yi a kansa, in har malaminta ya san aikin.

DARASI YANA CIKIN MANHAJA, AMMA BA YA CIKIN AJI

Kada a zaci wani sabon abu na ke kawowa. Tun da aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, girki da ɗinki da tsabta da renon yara suna cikin manyan abubuwan da a ke koya musu. A 1939 aka buɗe wurin horad da malamai mata a Sakkwato, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka buɗe irinsa a Kano. Iyayenmu mata da suka fito daga waɗannan wurare sun hura wuta da hannunsu, sun yi tuƙi, sun yi talge, malama na tsaye a kansu tana dubawa. Ko da ya ke ana iya kushe wancan tsari da cewa ya taƙaita 'ya mace ga madafa, ba a iya cewa bai koyad da abin da ya ce zai koyar ba.

Da aka fito da manufar ilmi ta ƙasa a 1977, aka soma tsarin shekara shida da uku da uku da huɗu a 1982, sai aka sa darasin tattalin gida cikin darussan share fagen sana'a na ƙaramar sakandare. Bayan an ƙaddamad da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, darasin ya ci gaba da zama cikin manhaja, daga baya ma aka haɗa shi da aikin gona ƙarƙashin suna guda. A takarda dai ba abin da ya ɓace.

To, ga abin da na gani da idona a wata makaranta cikin birni, wadda ba sai na faɗi sunanta ba, don abin da ke cikinta yana cikin 'yan uwanta da yawa. Na shiga aji shida na tarar malama ta rubuta rabe-raben abinci a allo da Turanci, yara na bin ta da haddar baki, murya ɗaya, ba tuntuɓe. Misalan da ke cikin littafin kuwa su tuffa ne da cukun Turawa da waɗansu abubuwan da yaran ba su taɓa gani a kwanon gidansu ba. Da ta gama na tambayi yaran, ɗan waken da a ke sayarwa a bakin ƙofar makarantar nan, cikin wane kashi ya ke? Aka yi tsit. Malamar ba malalaciya ba ce, ba ta kuma makara ba ran nan. Da muka keɓe ta ce mini ita ma haka aka koya mata, tun da ta fara aiki kuma ba a taɓa kiranta wani kwas da aka ɗora tukunya a cikinsa ba. Laifin wa ke nan? Ni dai na fita ina jin kunya, don mu ne masu shirya kwasa-kwasan.

INDA GIZO KE SAƘAR

Kowa ya san a yau takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da a ke karɓa ga malamin firamare, tsohuwar takardar daraja ta biyu ta kau. Kolejojin ilmi suna da sashen tattalin gida, amma masu shiga cikinsa kaɗan ne in aka gwada da masu shiga sauran sassa, kuma waɗanda suka fito galibi sakandare a ke kai su. Saboda haka a firamare darasin ya kan faɗa hannun duk wanda jadawali ya ragar wa sarari, ko da kuwa Larabci ya karanta ko labarin ƙasa.

Sa'an nan ga batun kwas na ƙaro ilmi. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don wannan aiki, kuma cikin kuɗin da doka ta keɓe wa hukumar ilmin bai-ɗaya akwai kason horad da malamai. Amma kwasa-kwasan da na halarta, da waɗanda na taimaka aka shirya, kusan dukansu a kan Turanci ne da lissafi da kimiyya. Yadda a ke yinsu kuma sananne ne: a tara malamai a babban zaure kwana uku ko biyar, wani ya tsaya ya yi ta jawabi, a raba takardu, a sa hannu a karɓi kuɗin mota, a watse. Ko lissafi bai cika shiga ta wannan hanya ba, balle girki. Wanda bai taɓa jin yadda ƙullu ya ke a hannu ba, ina zai san ya yi ruwa ko ya yi tauri?

Wani abin takaici kuma shi ne yadda abinci ya shigo makarantunmu ya fita ba mu ci moriyarsa ta fuskar koyarwa ba. A zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso an ciyad da 'yan firamare a Kano. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta soma nata shirin, tana ba 'yan aji ɗaya zuwa uku abinci a kan naira 70 kowane yaro, matan unguwa ne ke dafawa, har aka dakatad da shi a farkon 2024. Duk tsawon shekarun nan kula da tukwane suna shigowa farfajiya, malami na cikin aji yana karanta rabe-raben abinci daga littafi, mai dafuwa na waje tana zuba shinkafa da wake, ba wanda ya ce musu aikinsu ɗaya ne.

ABIN DA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

Yana da kyau mu leƙa waje kaɗan, don mu ga ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Ingila an wajabta koyad da girki ga yara tun daga shekara biyar zuwa goma sha huɗu daga watan Satumba na 2014. Doka ta fita, sai aka tarar malaman da suka ƙware a aikin ba su wadata ba, kuma har yanzu suna kukan haka. Japan kuwa ta bi ta wata hanya. A 2005 ta yi dokar ilmin abinci, a shekarar nan kuma ta ƙago muƙamin malamin abinci, mai horo na musamman, wanda ke tsara abincin rana na makaranta ya kuma shiga aji ya koyar a kansa. Yara da kansu ke raba abincin, su ci tare da malaminsu, su kwashe kwanuka. Darasin da ke nan a fili ya ke. Wanda ya fara da doka ya bar malami a baya, dokar ta kan tsaya a takarda.

Mu ma kuwa ba sai mun je Japan aron dabara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauyuka, ba ta tara su duka a Sakkwato ba. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta karantad da su da kanta, ta naɗa su jajis, kowace ta koma ta karantad da na yankinta, su kuma dawo wurinta lokaci lokaci. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru. Da tsohuwar zuma a ke magani.

IRIN KWAS ɗIN DA YA KAMATA

In ka fita Ƙofar Na'isa ka yi yamma, ka bi titin da ke bayan ganuwa, ka wuce Gadon Ƙaya, za ka iske babbar kolejin malamai ta Ƙofar Famfo, wadda ta faro a Gwale a 1961 da taimakon Amurka, yanzu kuma aka ɗaukaka ta ta zama jami'ar ilmi mai ɗauke da sunan Yusuf Maitama Sule. Ga kuma Kolejin Sa'adatu Rimi a Kumbotso. Masanan suna nan kusa, tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba ta raba su da makarantun cikin birni. Abin da na ke ba da shawara shi ne a ɗauki waɗannan masana su horad da zaɓaɓɓun malamai lokacin dogon hutu, mako biyu cur, kowace rana da wuta a murhu. Waɗannan su koma, kowa ya riƙi makarantu biyar ko shida na kusa da shi, ya riƙa tara malamansu sau ɗaya a wata a madafa guda.

Me za a koya? Na farko tsabta, don ita ce tushe: wanke hannu da sabulu, tafasa ruwan sha, rufe abinci, raba ɗanyen nama da dafaffe. Wanda ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, wadda ta kama mutum fiye da dubu ɗari a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Na biyu haɗa abinci daga abin da ke kasuwar Rimi da bakin ƙofar gida. Malami ya san cewa hatsi da wake in sun haɗu suna cika wa juna abin gina jiki, shi ya sa ɗan wake da garau-garau ba abin rainawa ba ne. Ya san manja da karas da kabewa da ganye irin su zogale da alayyafo suna tsare ido daga dundumi. Ya san ɗan lemon tsami ko tumatir yana taimakon jiki ya ɗebi abin ƙarin jini daga wake da ganye, shayi kuwa in an sha shi a kan abinci yana rage wannan. Ya san yawan kanwa da daɗewar ganye a wuta suna kashe wani kashi na amfaninsa. Ya iya nuna wa yara alamar gishiri mai sinadarin aidin, wanda aka wajabta a ƙasar nan tun 1993 don maganin maƙoƙo.

Na uku abincin jarirai: nono zalla wata shida, sa'an nan kunu mai kauri da aka haɗa gero ko dawa da gyaɗa da waken suya, aka soya aka niƙa. Wannan kowane malami ya dama shi da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida. Na huɗu ajiya: yadda a ke shanya kuɓewa da tumatir da kuka ba a ƙasa ba, da yadda a ke tsince gyaɗa da masara masu fumfuna a zubar, don cikin fumfunar nan akwai dafin da ke lalata hanta, wanda masana suka gano tun wajen 1960. Na biyar awo da kuɗi: a ba malami kuɗin cefanen gida mai mutum takwas, ya tsara abincin yini, ya je kasuwa ya dawo da lissafi. Nan lissafi da kimiyya da Hausa duk sun shigo darasi guda.

Na shida, wanda a kan manta, shi ne yadda a ke riƙe aji mai cunkoso alhali ga wuta ga wuƙa. A koya wa malami raba yara ƙungiya ƙungiya, masu tsince, masu wanki, masu awo, masu rubutu, wuta kuwa tana hannun babba. Yawancin darussan ma ba su bukatar wuta: kwaɗon zogale da jiƙa tsaba ta tsiro da gwada tsabtar ruwa duk ana yinsu a inuwar bishiya. Kuma kada a dafa abu gaban yaro mai jin yunwa a hana shi ɗanɗanawa. In abin bai isa kowa ya lasa ba, gara a bari sai ya isa.

MASU SUKA DA AMSARSU

Na san akwai masu cewa girki aikin uwa ne, a bar mata. Lalle uwa ita ce malamar fari, kuma kwas ɗin da zai koya wa malami raina tuwo da miyar kuka ya fi rashinsa muni. Shi ya sa na ke so a gayyato dattijan mata na unguwa, waɗanda suka san daddawa da fura da dambu, su zauna cikin masu koyarwa, a biya su ladansu. Su suna da hannu, masana suna da dalili, malami ya ɗebi duka biyu. Amma uwa ba ta iya ba da abin da ita ma ba a ba ta ba, kuma yarinyar da ke aji shida yau ita ke dama wa ƙaninta kunu da yamma.

Akwai kuma masu cewa wannan darasin mata ne, a ware maza. To, a garin nan wa ke yin cefane? Maigida ne ke fita da kuɗi ya dawo da leda. In bai san darajar wake da ganye ba, duk sanin matarsa a banza, don abin da aka kawo shi a ke dafawa. Ban da haka, masu shayi da masu tsire da masu kilishi da masu gidan burodi maza ne, kuma da wannan sana'a su ke riƙe da iyali. Saboda haka malamai maza su shiga kwas ɗin, yara maza su shiga darasin.

Masu cewa babu kuɗi su ma a saurare su, don ba ƙarya su ke yi ba. Sai dai abin da a ke bukata a makaranta bai wuce murhun gawayi biyu, da tukwane, da bokiti mai murfi, da mudu, da sabulu ba. Abin da ya fi tsada shi ne kayan miya na kowane mako, kuma nan ne shirin zai rayu ko ya mutu. In aka bar shi a wuyan malama ta saya daga albashinta, ko aka ce yara su kawo daga gida, wata biyu ya isa a koma ga alli. Tilas a rubuta masa ɗan kaso sananne cikin kuɗin gudanad da makaranta, akawu ya san layinsa, kwamitin iyaye ya san adadinsa. Lambun makaranta kuma, inda akwai fili da ruwa, zai rage nauyin.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Abu uku na ke roƙo. Na ɗaya, cikin kuɗin horad da malamai na kowace shekara a fitad da kason wannan darasi da sunansa. Na biyu, takardar wannan kwas ta shiga cikin abin da a ke dubawa wajen ƙarin girma, don malami mutum ne, ya kan sa ƙarfinsa inda ya ga ana kula. Na uku ya shafe mu masu zagayen makarantu. Muddin littafin shirin darasi kaɗai mu ke dubawa mu sa hannu, malami zai ci gaba da cika mana littafi. Ranar da muka fara tambaya a nuna mana tukunya, mu kira yaro ya haɗa kunun yaye a gabanmu, ran nan darasin zai sauko daga allo. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma tana sa ɗaliban babbar sakandare masu darasin abinci su yi girki gaban mai dubawa, ba abin da zai hana mu yin ƙaramin irinsa a firamare.

Ku kuma malamai 'yan uwana, kada ku jira sai takarda ta zo daga ofis. Gobe da safe ku sayi ɗan wake na bakin ƙofa, ku shiga da shi aji, ku tambayi yara me da me aka haɗa, me kowanne ya ke yi wa jiki, me ya rage a ƙara. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.